Zane ba ya ihu idan ya yi ƙarya

Masu bibiyar darussan Python, musamman waɗanda suka fara taɓa Matplotlib, yau da ku nake.

Akwai bambanci tsakanin manhajar da ke yin lissafi da wadda ke yin zane, kuma sai wanda ya zauna rubuta musu gwaji ne yake jin bambancin a jikinsa. Idan ka rubuta kod ɗin da zai haɗa 2 da 2, gwajinsa layi ɗaya ne: ko amsa ta zama 4, ko ba ta zama ba. To zane fa? Ka ba kwamfuta alƙaluma ta dawo maka da hoto. Me za ka tambayi hoto? Abin da ya fi damuna ma shi ne, zane ba ya ihu idan ya yi ƙarya. Kod ɗin lissafi idan ya rikice yakan tsaya cak ya watso maka jan rubutu. Shi kuwa zane sai ya fito tsaf-tsaf, launi ya zauna, layuka sun miƙe, mai dubawa ya kalla ya gyaɗa kai, alhali abin da ya gani ba shi ne ke cikin alƙaluman ba.

Shi kansa Matplotlib ba don ado aka ƙirƙire shi ba. John Hunter, masanin ƙwaƙwalwa a Amurka, shi ya fara rubuta shi, ya fitar da shi a 2003, kuma abin da yake son gani a lokacin shi ne motsin lantarkin da ake ɗauka daga ƙwaƙwalwar masu fama da farfaɗiya. Ya rasu a 2012, wasu suka ɗora daga inda ya tsaya. Yau ɗalibi mai rubuta kundin kammala digiri da shi yake zana sakamakonsa, masanan da suka fitar da hoton baƙin ramin sararin samaniya na farko a 2019 ma yana cikin kayan aikinsu. Kun ga abin da mutane ke yanke hukunci da shi ke nan.

Ni abin da ya haɗa ni da wannan batu ƙarami ne. A wurin aikinmu akwai wani ɗan laburare da aka gina a kan Matplotlib, wato tarin kod da sauran manhajoji ke kira idan suna son zane. Aikinsa shi ne fitar da jadawalin farashin hatsi na mako-mako: masara, gero, dawa, wake, da yadda buhu ya hau ko ya sauka daga makon jiya. Rubutun jikin zanen da Hausa ne, domin masu karantawa manoma ne da 'yan kasuwa, wasunsu a waya suke gani a WhatsApp. Mutum na iya duba zanen nan ya ce bari in riƙe buhunana zuwa wani mako. Wanda ya rubuta laburaren ya samu wani aiki ya tafi, aka miƙo mini. Da na buɗe foldar gwaje-gwaje na tarar da su da yawa, duk suna wucewa, kore shar. Kusan dukkansu kuwa iri ɗaya ne: zana hoto, kwatanta shi da wani tsohon hoto da aka ajiye. A saman kowanne an rubuta tol=5.

Bari in yi bayanin wannan, don a nan maganar take.

Hanyar da Matplotlib ke bi wajen gwada kansa, wadda mu ma muka ara, ita ce image_comparison. Akwai folda mai suna baseline_images inda ake ajiye hotunan da aka amince cewa daidai suke. Ni ina ce musu hotunan ma'auni. Duk sanda aka kunna gwaji da pytest, sai kod ya sake zana hoton, a jera shi da na ma'auni, a bi su ɗigo bayan ɗigo. Kowane ɗigo yana da lamba daga 0 zuwa 255 a kowane launi. Sai a tattara bambancin duka a fitar da wani irin matsakaici da ake kira RMS. Idan ya haura abin da aka yarje, gwaji ya faɗi, kuma za ka tarar da hotuna uku a cikin result_images: wanda aka zana yanzu, wanda ake tsammani, da na uku mai ɗauke da failed-diff a sunansa, wanda ke haska maka daidai wurin da suka saɓa. Wannan tol ɗin shi ne rangwamen da ka yi wa gwajin. A Matplotlib asalinsa 0 ne, ba ragi.

Me zai sa mutum ya kai shi 5? Ban zargi wanda ya yi ba, don na san abin da ya tura shi. Hoto ɗaya, kod ɗaya, amma kwamfuta biyu sai su fitar da shi da ɗan bambancin da ido ba ya gani. Babban mai laifi shi ne rubutu. Wata manhaja ce mai suna FreeType ke mayar da haruffa zuwa ɗigo-ɗigo, kuma kowane samfurinta yana da yadda yake shafa gefen harafi. Wanda ya girka Matplotlib ta pip yana samun FreeType ɗin da suka ƙunso a ciki, wanda ya girka daga ma'ajiyar Linux ɗinsa kuwa sau da yawa na tsarin kwamfutar yake amfani da shi. Shi ya sa masu kula da Matplotlib suka shafe shekara da shekaru a ɗaure da FreeType 2.6.1 na 2015, ba don ya fi kyau ba, sai don dubban hotunan ma'auninsu da shi aka zana. Suna kuma da zaɓin remove_text, mai cire take da lambobin gefe kafin a kwatanta. To abokin aikin namu ya ga gwaji na wucewa a kwamfutarsa yana faɗuwa a ta wani, ya gaji, ya yi ta ƙara rangwame har ja ya koma kore. An yi kitso da kwarkwata ke nan.

Ku zo mu yi lissafi, don ni sai da na yi shi a takarda kafin hankalina ya tashi sosai. Hoton Matplotlib na yau da kullum faɗinsa 640 ne, tsayinsa 480, ɗigo 307,200 ke nan. Alamar ragi, wannan 'yar sandar da ke gaban lamba mai nuna farashi ya sauka, a ce tsawonta ɗigo 8 kaurinta 2, ɗigo 16. Idan ta ɓace gaba ɗaya, baƙi ya koma fari, RMS ɗin da za a samu bai kai 2 ba, wajen 1.8 ne. Idan uku suka ɓace a gefen zane ɗaya, 3 da ɗan ɗoriya. Duk suna ƙasa da 5. Wato zanen da ya kamata ya ce buhu ya sauka da naira 2,000 zai iya cewa 2,000 kawai, mai karatu ya ɗauka hawa ne, gwaji kuma ya ce lafiya lau. Dalili a fili yake: yawancin hoton farin fili ne, shi kuma matsakaici da farin filin yake raba laifin. Abin da ya fi muhimmanci a zane sau da yawa shi ne mafi ƙanƙanta a jikinsa.

Idan ka leƙa gwaje-gwajen Matplotlib za ka ga su ma suna rangwame, amma dubi yadda suke yi: ɗan ƙanƙani, a kan gwaji guda, wani lokaci ma da sharaɗin cewa sai idan ƙwaƙwalwar kwamfutar ba x86_64 ba ce. Ba a yi wa kasuwa duka farashi ɗaya.

Abin da na fara yi shi ne na bi gwaje-gwajen ɗaya bayan ɗaya ina tambayar kowanne: kai me kake tsaro? Sai na ga mafi yawansu ba su da buƙatar hoto ko kaɗan. Zane a Matplotlib, kafin ya zama hoto, abubuwa ne da za ka iya yi wa tambaya kai tsaye. Kana son sanin ko layin tsaye ya fara daga sifili? Tambayi get_ylim. Kana son sanin ko alƙaluman da ke kan layi su ne ka bayar? Ga get_ydata. Take, sunayen kasuwanni, launin kowane layi, yawan sandunan da aka zana, duk akwai mai ba ka amsa da lamba ko rubutu. Gwaji irin wannan ba ruwansa da FreeType, yana gudu nan take, kuma idan ya faɗi yana gaya maka abin da ya lalace da baki, ba wai ya miƙo maka hotuna biyu ya ce nemo da kanka ba.

Misali, makon da ba a samu farashi daga wata kasuwa ba. Ƙa'idarmu ita ce a bar giɓi a layin, kada a sa sifili, kada kuma a haɗe makon baya da na gaba kamar ba abin da ya faru. Matplotlib yana barin giɓi idan ya ci karo da NaN, alamar "babu lamba a nan". Gwajin kawai ya duba cewa abu na uku a get_ydata NaN ne. Layi biyu. A da hoto guda aka ajiye saboda wannan, da rangwamen da zai bar layin ya nutse zuwa sifili ya dawo ba tare da kowa ya ji ba.

Sai kashi na biyu, inda tambayar ita ce "waɗannan hanyoyi biyu suna ba da zane ɗaya?" A nan check_figures_equal ya fi komai daɗin aiki. Yana ba ka allo biyu, fig_test da fig_ref, ka zana a kowanne, shi kuma ya kwatanta su a kan kwamfuta ɗaya a lokaci ɗaya:

@check_figures_equal(extensions=["png"])
def test_jeri_da_pandas(fig_test, fig_ref):
    zana_farashi(fig_test.subplots(), pd.Series([40, 42, 41]))
    zana_farashi(fig_ref.subplots(), [40, 42, 41])

Ba hoton da za a ajiye, ba rigimar kwamfutata da taka. Amma a kula, yana da makanta irin tasa: idan duka biyun suka karkace ta gefe ɗaya, zai ce sun yi daidai, kuma gaskiya ya faɗa. Don haka ba ya maye gurbin tambayar kai tsaye, abokin tafiyarta ne.

Hotunan ma'auni na bar kaɗan, na abubuwan da ido ne kawai zai iya hukunta su: ko akwatin bayani ya hau kan layi, ko sunan wata ya shige cikin na kusa da shi. Su kuma na mayar da su tol=0, a kan samfurin Matplotlib guda da aka rubuta a fayil, ana kunna su a wuri guda. Idan suka faɗi, dole mutum ya buɗe failed-diff ya kalla da idonsa kafin ya sauya hoton ma'auni. Wannan dokar ta fi kowace wuyar tsayawa, don sake hoton ma'auni ya fi komai sauƙi, kuma ranar da ake sauri kowa hannunsa can yake zuwa.

Yanzu maganar komawa gidan jiya. Asalin abin da ake nufi da irin wannan gwaji shi ne: matsalar da aka taɓa gyarawa kada ta dawo. A laburaren zane tana dawowa fiye da yadda kuke zato, domin komai a haɗe yake. Ka taɓa tazarar gefe don take ya samu wuri, sai lambobin ƙasa su yanke. Ƙa'idata ɗaya ce a nan kuma ba na sassautawa: gwajin da ban ga faɗuwarsa ba, ban yarda da shi ba. Idan aka kawo ƙorafi, sai a fara rubuta gwajin, a kunna shi a kan kod ɗin da bai gyaru ba, a ga ja da ido, sannan a yi gyara a ga kore. Idan gyaran ya riga ya shiga, git stash ko komawa tsohon commit na minti biyu ya isa a tabbatar. Cikin gwaje-gwajen da na gada, akwai waɗanda na cire gyaran da wai suke tsaro, suka ci gaba da wucewa abinsu. Maigadi ne da ke barci da fitila a kunne. A saman kowane sabo kuma nakan rubuta layi ɗaya na abin da ya faru, don wanda zai zo bayana kada ya ga gwajin ya ce wannan kuma na mene ne ya goge. Idan ba a san sanda matsala ta shigo ba, git bisect na raba tarihin gida biyu-biyu har ya nuna commit ɗin. Da gwaji a hannu ma shi zai yi ta kunnawa da kansa.

To sai ɓangaren da na fi daɗewa a kai, wato abin da laburare zai yi idan aka ba shi abin da bai dace ba.

Tsoffin gwaje-gwajenmu na wannan fanni kusan duk haka suke: pytest.raises da ValueError, shi ke nan. Ma'ana, "idan na ba ka shara, ka yi kuka." Amma wane irin kuka? ValueError na iya fitowa daga binciken da muka rubuta da gangan, yana kuma iya fitowa daga can cikin hanjin NumPy bayan kod ya yi tafiya mai nisa da sharar a hannu. Ga gwajin duk ɗaya ne. Ga mutumin da ke zaune gaban allo ƙarfe goma na dare yana son tura rahoto kuwa, sama da ƙasa ne. Dubi yadda Matplotlib ke yi idan ka ba plot jeri biyu da tsawonsu bai zo ɗaya ba: zai ce "x and y must have same first dimension", sannan ya faɗa maka girman kowanne. Idan ka ce savefig ya ajiye da wani nau'in fayil da bai sani ba, zai ambaci wanda ka rubuta, ya jero maka waɗanda ya iya. Saƙon kuskure mai kyau yana faɗin abu uku: me ka ba ni, me nake so, ina matsalar take. Idan saƙon yana da wannan daraja, to shi ma sai an tsare shi, kuma abin tsaronsa shi ne match:

with pytest.raises(ValueError, match="ya zo a matsayin rubutu"):
    zana_farashi(ax, ["45,000", "43,500", "41,000"])

Ku lura layi ɗaya ne tak a ƙarƙashin with. Idan ka cusa layi huɗu a ciki, na farko ya yi kuskuren, sauran ukun ba za su taɓa gudu ba, gwaji kuma ya wuce.

Wannan misalin na sama ba haka kawai na zaɓe shi ba, shi ne mafi haɗari da na sani a Matplotlib ga irin aikinmu. Farashi na zuwa mana a fayil ɗin CSV ko Excel, wani ya rubuta 45,000 da waƙafi, sai Python ya karanta shi a matsayin rubutu ba lamba ba. Tun samfurin 2.1 na 2017, Matplotlib na karɓar rubutu a matsayin rukuni, don mutum ya iya jera sunaye irin su Dawanau, Maraɗi, Funtuwa a layin kwance. Abu ne mai amfani ƙwarai. Amma idan farashin ne ya zo a rubutu, zai ɗauki kowanne a matsayin suna, ya jera su daga ƙasa zuwa sama yadda suka zo. Na farko a ƙasa, na biyu a samansa, na uku a saman na biyu. Farashin da ya sauko daga 45,000 zuwa 41,000 sai ya fito a layi miƙaƙƙe mai hawa sama. Ba kuskure, ba jan rubutu. Idan rubutun duk mai kama da lamba ne akwai ɗan saƙo da yake rubutawa ta logging, amma a matakin da ba ya fitowa a allo sai ka kunna shi da kanka.

Shin laifin Matplotlib ne? A ganina a'a. Shi na kowa ne, bai san ko "45,000" farashi ne ko lambar shago ba. Mu ne muka sani. Don haka hakkin ɗan laburarenmu ne ya tsaya a ƙofa ya ƙi. An yi muhawara a kan wannan a ofis, wani ya ce me zai hana mu cire waƙafin mu mayar da shi lamba shiru, mai amfani ya huta? Na ƙi, saboda wasu fayilolin daga Nijar suke zuwa, inda ake bin tsarin Faransanci, waƙafi a can yana raba lamba da ɓurɓushinta ne, ba dubbai ba. 45,5 a wurinsu arba'in da biyar da rabi ne. Laburaren da ke yin hasashe a nan zai yi daidai sau tara, na goma ya ninka farashi ko ya raba shi, kuma shiru. Gara ya tsaya ya ce ban gane ba.

Da parametrize na jera sauran baƙin da ba a gayyata ba, gwaji ɗaya yana cin su bi da bi: jeri fanko, jerin da duk NaN ne, mako ɗaya tak, kwanan wata a hargitse, farashi ƙasa da sifili. Ba kowanne ne ya cancanci kuskure ba. Mako ɗaya tak ya kamata ya zana ɗigo guda, ba ya ƙi ba. Amfanin rubuta gwajin shi ne ya tilasta maka yanke shawara a kan kowanne, maimakon ka bar wa sa'a. Na kuma kunna pytest-cov don ganin layukan da gwaji bai taɓa takawa ba, kuma kamar yadda na zata, yawancinsu layukan raise ne. A ɗaya daga ciki ma sunan da aka sa cikin saƙon kuskuren babu shi a kod ɗin, wato ranar da aka buƙaci saƙon, shi kansa zai fashe da wani kuskuren daban.

Akwai kuma abin da kuskure ke bari a baya. Idan kod ya buɗe allo da pyplot sannan ya faɗi a tsakiya, allon na nan a buɗe yana cin ƙwaƙwalwa. Matplotlib na yin gargaɗi idan suka haura 20, amma manhajar da ke kwana tana aiki ba mai karanta gargaɗinta. Gwajin mai sauƙi ne: bayan kuskuren, get_fignums ya dawo fanko, kuma kada a tarar da rabin fayil a folda wanda wani zai ɗauka ya tura.

Gargaɗi ma na mayar da shi kuskure gaba ɗaya, da filterwarnings = error a saitin pytest, kamar yadda Matplotlib ke yi a nasa gwaje-gwajen. Riba biyu ce. Ta farko, idan za su cire wani abu sukan yi gargaɗi na samfuri biyu kafin su cire, to ka ji da wuri. Ta biyu ta shafe mu kai tsaye, mu masu ƙ da ɗ da ɓ.

Kafin samfurin 2.0 na 2017, salon haruffan Matplotlib na asali Bitstream Vera Sans ne, wanda ba shi da haruffanmu masu lanƙwasa. Daga 2.0 aka koma DejaVu Sans, shi kuwa yana da su. Amma da zarar ka sauya salo, ka koma hannun sa'a. Idan harafi babu shi, Matplotlib zai sa ɗan akwati fanko, a wani salon ma fili kawai, ya yi gargaɗin cewa Glyph lamba kaza babu ita. Lambar ƙ 409 ce, ɗ 599, ɓ 595. Akwai kuma 8722, ita ce alamar ragi ta ainihi da Matplotlib ke sa wa lambobin gefe, ba 'yar karan da ke kan madannai ba, kuma ba kowane salo ke da ita ba. Watanni bayan wannan gyare-gyaren, aka ce a sauya salon haruffan zanenmu ya dace da na takardun ofis. Hotunan ma'auni duk suka faɗi, wanda dama dole su faɗi tunda kowane harafi ya canza, kuma abin da za a yi musu shi ne a sake su. Tambayar kai tsaye ma ba ta ga komai ba, get_text na dawo da "Ƙananan kasuwanni" daidai, don a rubuce lafiyarsa ƙalau, wajen zanawa ne yake mutuwa. Wanda ya kama shi gwaji ne ɗan ƙarami da ke rubuta duk haruffanmu manya da ƙanana, da alamar naira, da lamba ƙasa da sifili, ya kira savefig, ya jira gargaɗi. Sabon salon ba shi da ƙ ba shi da ɗ. Maganin bai yi wuya ba, tun samfurin 3.6 na 2022 ana iya ba Matplotlib jerin salo, idan na farko ba shi da harafi ya ɗauko daga na biyu. Muka sa DejaVu Sans a baya. Harafin aro yakan ɗan fita daban a cikin kalma idan ka ƙura ido, amma ya fi akwati.

Ga masu sha'awar sa hannu a Matplotlib ɗin kansa, wannan fanni ƙofa ce mai kyau. Gwaje-gwajen na cikin lib/matplotlib/tests a GitHub, kuma gwajin saƙon kuskure bai buƙatar ka san duk cikin laburaren. Sai dai wanda ka girka ta pip ba ya zuwa da hotunan ma'auni, dole ka sauko da kod ɗin duka ka gina shi, kuma yana da nauyi, a nemi wurin da data ba ta tsada. Su ma sun fi son check_figures_equal a kan sabon hoto, don kowane hoto da ya shiga tarihin git ya zauna ke nan har abada. Kwatanta PDF na buƙatar Ghostscript, SVG kuma Inkscape; idan babu su a kwamfutarka waɗannan gwaje-gwajen tsallake su za a yi, kada ka ga ba ja ka ɗauka sun wuce.

Wani ƙaramin abu da zai iya cinye muku awa guda: abin da ake ba match ba rubutu ne zalla ba, regex ne. Aya, baka, alamar tambaya, duk suna da wata ma'ana a wurinsa. Saƙonnin kuskurenmu da Hausa suke, wasu na ƙarewa da tambaya irin "ko akwai waƙafi a cikin lambar?", sai gwaji ya yi ta faɗuwa alhali saƙon daidai yake harafi da harafi, saboda baka ɗaya da ke tsakiya. Ko dai ka nannaɗe shi da re.escape, ko ka zaɓi kalmomi uku zuwa huɗu daga tsakiyar saƙon waɗanda su ne zuciyarsa. Ni na biyun nake yi, don gobe idan wani ya gyara Hausar saƙon, ya sauya "lambar" zuwa "adadin", bai kamata gwaji goma su faɗi a kan haka ba.